Jita Marar Tsirkiya

A Morecambe nake aikin dare,
gidan kula da tsofaffi, hawa na biyu,
inda teku ke janyewa da yamma
har ka rantse yaji ya yi.

Mista Ormerod na ɗaki na tara
ya shekara arba'in yana kaɗa jita
a mashayun bakin ruwa.
Hoton na nan kan durowa,
gashi har kafaɗa, wando mai faɗin ƙafa.
Shanyewar ɓarin jiki ta zo wata Talata,
ta karɓe hannun hagu, ko rasit ba ta bari ba.

Jikarsa Bryony ce ta kawo abin,
fam shida a shagon gwanjo.
Baƙar roba, wuya gajere,
babu tsirkiya ko ta rantsuwa,
sai maɓallai biyar a jere:
kore, ja, ɗorawa, shuɗi, ruwan lemo.
Wani yaro ya taɓa manna mata sitika,
rabi ya ɓare, rabi ya ƙi.

Tsoho ya dube ta
kamar mahaucin da aka miƙa wa wuƙar kara.
Ya ce a fitar masa da ita.
Bryony ta bar komai a jone, ta tafi kama jirgi.
Ni kuma na jingine ta gefen gado,
na yi kamar na manta.

Dare na goma sha ɗaya, biyu da kwata,
ina zagayen duba numfashi,
sai na ji ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Ƙwas.
Na ce bututun ɗumama ɗaki ne.
Na tura ƙofa.
Talabijin a kunne, an kashe murya,
ɗigogi masu launi na gangarowa
kan wata doguwar hanya baƙa,
shi kuma, rigar barci a karkace,
yana farautar kore da yatsa guda.

Bakwai suka wuce shi. Ya cafke na takwas.
'Yan kallon cikin akwati, mutanen zane,
suka daina tsalle, suka yamutsa fuska.
Ya zage su da rabin baki,
zagin da ban sa a littafin rahoto ba.

"Zulai," in ji shi, don wutsiyar sunana ta fi ƙarfinsa,
"wannan fa ba kiɗa ba ne."
Na ce na sani.
Ya ce, "To riƙe min wuyan, zamewa yake."

Ni da kakana ya hana mu taɓa gurmi
wai ba gadon gidanmu ba ne,
ga ni durƙushe kan kafet mai warin maganin shafawa
ina tallafe da wuyan roba
kamar mai ba jinjiri ruwa.

Mako uku, kore kaɗai.
Ja ya shigo tare da watan Maris.
Ɗorawa ta wahalar da mu,
yatsan ya lanƙwashe ya ce shi ba ya ciki.
Ruwan lemo kuwa, can ƙarshen layi,
ya ce wannan sai dai a lahira.
Likitar gashin ƙashi ta zo ta auna,
ta rubuta wata lamba, ta yi murmushi.
Shi ko kallonta bai yi ba.

Wani dare na ɗan ƙara murya.
Ya kuskure ja, sai kiɗan jitar ya yanke,
ganguna suka ci gaba ba shi.
Ya tsaya. Ya kuskure wani da gangan.
"Kin ji?" ya ce. "Nan kaɗai ta faɗi gaskiya.
Kiɗan na wani ne.
Shirun kuwa nawa ne."

Ta ainihin tana ƙarƙashin gado cikin akwatinta,
har yau bai ce a jawo ta ba,
ni ma ban tambaya ba.

Bakwai da rabi na miƙa makullai.
A bas mai zuwa Lancaster, barci na fizgata,
na tsinci yatsuna kan ƙarfen kujera:
kore, kore, ja,
sai ɗorawar nan da ni ma nake kuskurewa.